Lacca A Kan Ciwon Sukari Da Aikin Wani Malamin Sin



Mu mazauna Tianxiu a nan Guangzhou, da fatakenmu masu zuwa saro kaya, duk mun ji ana cewa an sami maganin ciwon sukari a ƙasar Sin. Har daga gida ana aiko mana a sayo. To, ga yadda maganar take.

Akwai wani shaihun malami, Deng Hongkui. Ya yi ilmi a Jami'ar Wuhan, ya tafi Amurka ya sami digirin dakta a 1995, ya komo Jami'ar Peking a 2001. Aikinsa shi ne binciken ƙwayoyin asali, watau ƙwayoyin nan na jiki da ke iya rikiɗa su zama kowace irin tsoka. A 2013 shi da almajiransa suka mai da ƙwayar jikin ɓera ta koma ta asali da magunguna kawai. Sai da suka ƙara shekara 9 kafin abin ya yiwu da ta ɗan Adam, a 2022.

A 2023, a wani asibitin birnin Tianjin, aka ɗebi ƙwayoyin kitsen wata mace mai shekara 25, mai irin ciwon da jiki ba ya yin insulin. Aka juya su suka zama masu yin insulin, aka dasa mata a tsokar ciki. Bayan kwana 75 ta bar yin allura. An buga labarin a mujallar Cell a 2024.

Amma fa mu lura, 'yan'uwa. Labarin nan na mutum ɗaya ne, gwaji ne kuma na likitoci a asibiti. Ba a zuba shi a kwalba, ba a sayar da shi a kanti. Duk wanda ya miƙo mana ƙwaya ko gari ya ce na ƙwayoyin asali ne mai warkar da sukari, kuɗinmu yake so. Wanda likita ya ɗora a kan allura kada ya bari, gama barinta na iya kai mutum kushewa. Mu gaya wa na gida haka.

Sa'an nan mu duba, malamin nan ya fi shekara 20 a kan aiki guda. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Yaronmu da ke son ilmin likita, kada mu janye shi zuwa rumfa don ribar yau.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu.