Kafin Ka Nemi Jari, Ƙidaya Abin da ke Hannunka

Jawabin da wani ɗalibin aji uku ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai.



Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni dama in tofa albarkacin bakina a gaban waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru. Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mai niyyar kafa sana'a ta kansa zai auna abin da ya mallaka, don ya san inda ya fi abokan gasarsa. Wannan batu kuwa ya shafe mu duka, domin kowa ya sani masu fita daga jami'o'i kowace shekara sun fi ƙarfin guraben aikin gwamnati da na kamfanoni. Da yawanmu, ko muna so ko ba mu so, kasuwa za mu nufa bayan mun gama bautar ƙasa.

In ka tambayi ɗalibi me ya hana shi fara sana'a, amsar ɗaya ce: babu jari. Ni kuwa abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, a cikin dukkan abin da mutum zai shiga kasuwa da shi, kuɗi su ne mafi rauni wajen kare shi daga abokan gasa. Dalili kuwa, naira ɗaya ce a hannun kowa. In ka zo da miliyan guda, gobe wani zai zo da goma ya ture ka. Abin da ke kafa mutum ya zauna daram shi ne abin da yake da shi wanda abokin gasarsa ba zai iya saye ba, ko kuwa sai ya ɓata shekaru kafin ya same shi.

Bari mu nemi shaida a tarihin Kano. Lokacin da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, Turawan mulki auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila na bukatarta. Sai al'amari ya juya, gyaɗa ta mamaye kasuwa. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata ba ta kai tan 3,000 ba. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, suna da jiragen ruwa, suna da masu saye a Turai. Amma ba su san ƙauyukan Kano ba, ba su san wane manomi ne za a ba bashi ya cika alkawari ba, manoman kuma ba su san su ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, masu zuwa Gwanja tun kaka da kakanni. Suna da yaransu a garuruwa, suna da jakuna, sun saba da ba da kaya bashi da karɓar kuɗi a kan lokaci. Don haka dole kamfanoni suka bi ta hannunsu.

A cikin waɗannan fatake akwai Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, kuma gadon da ya samu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya tashi da shi shi ne sanin fatauci na gidansu, da tsimi, da ƙarfin halin bin hanyar da ba a saba ba: yana cikin na farko da suka riƙa ɗauko goro daga ƙasar Gana ta yanzu a jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon doguwar tafiyar ayari ta ƙasa. A 1918 kamfanin Neja ya neme shi ya zama mai saya masa gyaɗa. A 1929, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma ashirin suka ɗauki kuɗin azurfar da ya ajiye. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ku lura da jerin abin, jama'a. Sani da jama'a da amana su suka fara zuwa, sa'an nan kamfani ya kawo kuɗinsa ya danƙa masa.

Masanan harkar kasuwanci na zamani sun zo sun tsara wannan a rubuce. A 1991 wani malami Ba'amurke, Jay Barney, ya nuna cewa abin da kamfani ya mallaka ba ya ba shi fifiko mai ɗorewa sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya zama yana da amfani, ya zama ba kowa ke da shi ba, ya yi wuyar kwaikwayo, kuma babu wani abu da zai maye gurbinsa cikin sauƙi. Shi a kan kamfanoni ya yi magana, amma ma'aunin ya dace da mutum ɗaya. Shekara goma bayan haka wata malama, Saras Sarasvathy, wadda ta yi nazarin yadda gogaggun masu kafa kamfanoni ke tunani, ta ce sukan fara ne da tambayar kansu abu uku: ni wane ne, me na sani, kuma wa na sani. To, bari mu ɗora abin da ɗalibi irina ya mallaka a kan wannan sikeli.

Abu na farko da kowannenmu zai ɗauko shi ne takardar digiri. Tana da amfani, babu shakka. Amma ba ta cika sharaɗi na biyu ba, domin dubban mutane za su fita da irinta a rana ɗaya da kai. Sanin da ke da wuyar samu sau da yawa shi ne wanda muke raina shi, watau wanda muka tashi da shi a gida. Ɗan manomin rani daga Kura ko Kadawa ya san watan da tumatir ke yin kwantai har ya ruɓe a gona, ya san watan da yake tsada, ya san yadda ake yanka shi a shanya kauɗa. Yarinyar da ta tashi a gaban uwa mai haɗa turaren wuta da humra a Maiduguri tana da sanin da ba a koyarwa a aji. In ɗan manomin nan ya karanta ilmin aikin gona, yarinyar kuma ta karanta ilmin haɗa sinadarai ko lissafin kuɗi, to, haɗuwar sanin gida da na makaranta ita ce abin da 'yan kaɗan ke da shi. Ɗan birni mai digiri bai san gona ba, manomi kuwa bai san yadda ake rubuta lissafi ko neman rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ba. Wanda ya haɗa biyun ya tsaya a wurin da babu cunkoso.

Abu na biyu shi ne jama'a. Hausawa sun ce mai jama'a ya fi mai kuɗi, amma a nan wajibi ne mutum ya yi wa kansa adalci wajen ƙidaya. Yawan sunaye a cikin waya ba shi ne jama'a ba. Tambayar ita ce, a cikin waɗanda ka sani, wa zai ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi? Wa zai tsaya maka a gaban dillali a Dawanau ko Kantin Kwari ya ce, wannan yarona ne? Wa zai sayi kayanka na farko, kuma ya gaya maka aibinsu ba tare da kara ba? In ka samu mutum uku irin waɗannan, ka rubuta sunayensu, domin sun fi ɗari na hira. Kada kuma mu yaudari kanmu cewa kowa daidai yake a wannan fanni. Alhaji Aliko Ɗangote ya fara kasuwancinsa a 1977 da rance daga kawunsa, kuma mahaifiyarsa jikar Alhassan Ɗantata ce. Ya fito daga gidan da ya shekara kusan ɗari yana ciniki, ya kuma yi aiki da abin da ya samu har ya ninka shi. Wanda bai fito daga irin wannan gida ba, hanyarsa ita ce ta yaron kasuwa: ya zauna ƙarƙashin wani ubangida shekara biyu ko uku, ya san masu kawo kaya da masu saye, kafin ya buɗe nasa. Digiri bai kamata ya sa mu ji mun fi ƙarfin wannan ba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran cika sharuɗɗan nan huɗu, shi ne amana. Ba a sayenta, ba a arota, kuma ba a gina ta a wata ɗaya. Wani masani, Abner Cohen, ya wallafa littafi a 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba. Mai shanu yakan danƙa dabbobinsa ga maigidan da ya sauke shi, shi kuma maigidan ya ɗauki lamunin cewa kuɗi za su fito. Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne sunan maigida, domin ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai kai Arewa, sauran fatake su sauya masauki. Haka nan shari'ar Musulunci ta tanadi ƙirali, inda wani ke kawo dukiya wani ya kawo aikinsa, a raba riba bisa kason da aka yarda, in kuwa an yi hasara ba da sakaci ba, mai dukiya ke ɗauka. Wane ne zai ba da dukiyarsa bisa wannan sharaɗi ga wanda bai yarda da shi ba? Saboda haka, 'yan'uwa, jarinmu na gobe a ɗakunan kwananmu muke tara shi yau. Wanda ya ci bashin abokin ɗakinsa ya ƙi biya, da wanda aka ba ajiyar kuɗin ƙungiya lissafi ya ƙi fita, su sani waɗannan abokan karatu su ne manajojin banki da 'yan kasuwar da za su je nema nan da shekara goma.

Ƙidaya ba ta cika sai an haɗa da abin da babu. Kowa ya tambayi kansa: ina iya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ko kuwa aljihuna da na sana'a ɗaya ne? Ina iya hana ɗan'uwa bashi in na san ba zai biya ba? Wata nawa zan iya jurewa ba riba, kuma mutum nawa ke jiran in ciyar da su? Wanda ƙannensa biyar ke dogara da shi ba daidai yake da wanda iyayensa ke ɗauke da shi ba, ko da kuɗin hannunsu ɗaya ne. Wannan lissafi ya ƙara zama dole tun daga 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin ruwan bankuna kuma ya hau. A irin wannan hali, hikima ita ce mutum ya fara da abin da in ya salwanta ba zai durƙushe ba, kamar kwasar adashi ko ragowar alawus ɗin bautar ƙasa. In kuwa ya gano yana da rauni a wani fanni, sai ya nemi abokin tarayya wanda ke da ƙarfi a nan. Mai iya sarrafa kaya amma yana jin nauyin talla ya haɗu da mai baki, su rubuta sharuɗɗansu a gaban shaidu tun ana shiri.

Abin da nake roƙon kowa ya yi in ya koma ɗaki shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya sani, da waɗanda za su tsaya masa, da shaidar da mutane ke yi masa, da abin da ya gaza a kai. A gaban kowane abu ya tambayi kansa, mutum nawa ne a garinmu ke da irin wannan, kuma kwana nawa zai ɗauki wani kafin ya kamo ni? Sa'an nan ya kai takardar wurin wani dattijo ɗan kasuwa wanda ba ya jin kunyarsa, domin ido ba ya ganin kansa. Sana'ar da ta dace da shi tana nan kusa da abin da ya rage a takardar bayan dattijon ya soke abin da zai soke.

Shugaba, a nan zan dakata don in bar lokacin tambayoyi da gyara. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a abin da za mu nema, Ya kuma kare mu daga cin amana.