Wane Abin Kiɗa Za Mu Bari Yaro Ya Koya?

 

Jama'a, maganar da ta tara mu yau ta yaranmu ce. Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Ibadan, kuma yawancin 'ya'yanmu nan aka haife su. Makarantun boko da suke zuwa akwai 'yan badujala, akwai darasin kiɗa. Yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, an ce kowa ya zaɓi abin kiɗa." Mu kuwa sai tsawa: gidanmu ba maroƙa! To, tsawa ba ta hana shi koyo, sai dai ya koya a ɓoye, a hannun wanda ba mu sani ba. Gara mu zauna mu zaɓa tare da shi.

Da farko a tambayi malamai, domin sun yi saɓani a kan kiɗa. Bandiri ya fi sauƙin magana. An karantar da mu cewa an buga irinsa a Madina ranar idi da ranar aure, ga shi 'yan Ƙadiriyya suna buga shi wajen zikiri.

Na biyu, kowane abin kiɗa da gidansa. Kakaki da tambari na fada ne. Goge ya daɗe yana tafiya da 'yan bori, ba mu ba da shawararsa. Sarewa ta makiyaya ce, ga araha, ba ta tayar da maƙwabta.

Na uku, harshe. Kalangu magana yake yi, kamar gangan na maƙwabtanmu Yarbawa. Yaron da bai iya Hausa sosai ba, ba zai sa kalangu ya yi kirari da Hausa ba. Ka ga ashe koyonsa zai tilasta masa zama da manya, ya ji karin magana. Da kalangu Mamman Shata ya yi suna har ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos kuwa da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Sharaɗinmu dai: karatun allo da Islamiyya su ne gaba, mu san mai koya masa, kuma ba zuwa gidan rawa da dare. Kada a saya masa nasa sai ya yi wata uku da na aro, mu ga ko da gaske yake. Ai mu 'yan kasuwa ne, ba mu sarin kaya sai mun ga samfuri.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wassalam.