KANGO, KYAMARA DA KEKEN RUBUTU

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Yelwa



An nemi in yi magana a kan abin da mutum zai riƙa ɗebe kewa da shi bayan ya tashi daga aiki, ko kuwa bayan ya yi ritaya. Na zaɓi abubuwa biyu waɗanda na daɗe ina yi, wato zane da haruffan keken rubutu, da kuma ɗaukar hoton kangaye da kufai na ƙauyukanmu. Na san wani zai ce wannan ai wasan yara ne. To, ina roƙon ku saurare ni, sa'an nan ku yanke hukunci.

Bari in fara da zanen haruffa. Waɗanda suka yi ajin koyon tafireta za su tuna yadda ake jera alamar tauraro a kewaye kan takardar jarrabawa ko ta gayyata don ƙawa. Wannan shi ne matakin farko, kuma abin ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1898 wata mata a Ingila mai suna Flora Stacey ta zana malam-buɗe-littafi da keken rubutu kawai. A Amurka kuma an yi Paul Smith, wanda aka haifa a 1921 ya rasu a 2007. Lalurar da aka haife shi da ita ta hana shi riƙe alƙalami sosai, amma da tafireta ya zana ɗaruruwan hotuna. Da kwamfuta ta zo, sai sana'ar ta koma kanta, har a 1982 Scott Fahlman ya ba da shawarar haɗa alamomi uku su ba da fuskar mai murmushi, :-) ke nan.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ka sami takarda mai gida-gida irin ta lissafi, ka fara zana abin da kake so da fensir, kowane gida ya zama mazaunin harafi ɗaya. Inda inuwa take sai ka sa haruffa masu duhu kamar M da W, inda haske yake ka sa ɗigo ko waƙafi, ko ka bar fili. Sai dai a kula da abu guda: keken rubutu na yau da kullum yana buga haruffa 10 a inci ɗaya a kwance, amma layi 6 kacal a tsaye. Saboda haka in ka ba da'ira haruffa da layuka daidai wa daida, za ta fito kamar ƙwai. A kwamfuta kuwa sai a zaɓi salon rubutun da haruffansa duk faɗinsu ɗaya, alal misali Courier. Duk wanda ya taɓa kallon mai ɗinkin hula yana ƙirga zare ya riga ya san sirrin wannan aiki.

Yanzu ga abu na biyu, wanda shi ya fi damuna. Jama'a, ƙasar Yawuri ta sha ƙaura. Birnin Yawuri, inda Richard Lander da ƙaninsa John suka sauka a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, ya daina zama mazaunin sarki, kuma tun 1888 fada take a nan Yelwa. Bayan haka aka gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, tafki ya cika, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu-gungu masu yawa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Sarkawa. Gidajen da aka gina musu, waɗanda wani Bature masanin gini mai suna Robin Atkinson ya tsara, na bulon siminti ne da rufin asbestos mai lanƙwasa. Wasu an gyara su ana ciki har yau, wasu an kewaye su da ɗakunan ƙasa, wasu kuwa sun zama kango.

To, wa ke da hoton waɗannan wurare? Yaron da yake da shekara 10 lokacin tashin, yau yana dab da 70. Kowace damina tana cin wani yanki na ganuwa, tana kayar da rumbu ko zaure ko tsohon aji. In bango ya faɗi, dattijon da ya san mai shi kuma ya kwanta dama, shi ke nan, babu mai iya gaya wa jikokinmu yadda Bagunge yake gina rumbunsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma fa sai in an tanadi abin da za a gani.

Ga wanda ke son farawa, wayar da ke aljihunsa ta isa. Da farko dai ka je wurin mai unguwa ko dagaci ka yi gaisuwa ka nemi izini, domin kango yana da magada, wani wurin ma akwai kaburbura. Ka fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da hasken rana yake zuwa a kaikaice yana fito da zanen bango. Ka ɗauki ginin ta kusurwa huɗu, ka tsayar da mutum a gefe don a gane tsawonsa, sa'an nan ka matso ga ƙofa da azara da makuba. Ka rubuta sunan wurin, da ranar, da abin da dattawa suka faɗa maka, domin hoton da ba shi da bayani maraya ne. Kada ka shiga ƙarƙashin rufin da ya tsage, ka yi hattara da maciji, kuma kada ka farfasa asbestos, ƙurarsa tana yi wa huhu mugun lahani. Kada ka ɗauke ko da kasko. Haka kuma ka tambayi lafiyar hanya kafin ka kama ta, kada ka tafi kai kaɗai.

Ina mahaɗar abubuwan nan biyu? Mai son mayar da hoton zaure zuwa haruffa dole ya ƙirga tagoginsa, ya auna ƙofarsa, ya lura da inda inuwa ta faɗi. Ɗalibin da ya yi haka sau ɗaya ba zai ƙara wuce tsohon gini ido rufe ba.

Daga ƙarshe, Malam Shugaba, ina da roƙo guda uku. Na ɗaya, kowane reshe na ƙungiyarmu, daga Yelwa zuwa Ngaski da Wara da Shanga, ya kawo hotuna 10 masu cikakken bayani kafin taron baɗi. Na biyu, a wanke su a ajiye kundi ɗaya a laburaren makaranta, a aika da kwafe Gidan Arewa da ke Kaduna. Na uku, mujallarmu ta ware shafi guda don gasar zanen haruffa tsakanin ɗalibai, ni kuwa na ɗauki nauyin kyautar shekarar farko.