Idan Ƙofa Ta 21 Ta Yi Shiru

Yau zancenmu a kan wani aiki ne da ake yi da tsakad dare a manyan bankuna da kamfanonin inshora, wanda ba mai tunawa da shi sai ran da ya tsaya.

Tun a shekarar 1964 kamfanin IBM na Amurka ya fito da babbar kwamfutar nan System/360, kuma har yanzu jikokinta ne ke riƙe da lissafin bankuna da yawa. Da dare ya yi, sai ma'aikatu su riƙa turo wa uwar kwamfutar fayil-fayil: wannan na albashi, wancan na kuɗin da aka biya da rana. Hanyar da akan bi sau da yawa ita ce wadda ake kira FTP, watau ƙa'idar aikawa da fayil. Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ta a jami'ar MIT a 1971, sa'an nan Jon Postel da Joyce Reynolds suka daidaita ta a 1985.

Ga yadda abin yake. Akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da ba ta da aiki sai zaman jira a ƙofa mai lamba 21. Duk wanda ya yi sallama, sai ta amsa da lamba 220, ma'ana "bismilla, shigo". A nan ake gaisawa, a tambayi suna da kalmar sirri, amma kayan kansu ta wata ƙofa dabam ake shigar da su. To, idan wannan mai jiran ƙofa ya faɗi, fayil ɗin albashi yana waje, ayyukan da ke jiransa duka sun tsaya cik, gari kuwa ba zai fasa wayewa ba.

Faɗuwar iri biyu ce. Ta farko mai sauƙi: manhajar ta mutu, sunanta ya ɓace daga jerin ayyuka, sai ma'aikaci ya buga umarnin tayar da ita. Ta biyun ita ce mai ban tsoro. Suna yana nan a allo, kowa na ganinsa, amma ka yi sallama har ka gaji ba amsa. Saboda haka, a ganina, mai gadin da iyakar aikinsa duba suna a jeri bai yi rabin aiki ba. Gadi na sosai shi ne a riƙa ƙwanƙwasa ƙofar bayan 'yan mintoci, a jira 220 ɗin, in da hali ma a tura ɗan ƙaramin fayil a ga ya sauka.

Manhajar z/OS, wadda ke tafiyar da waɗannan injuna, tana da nata mai gadin, ana ce da shi AUTOLOG. Lokaci-lokaci yakan leƙa ya ga ko akwai mai saurare a ƙofar da aka keɓe. In babu, sai ya soke aikin ya sake tayar da shi. Sai dai akwai wani ɗan tarko. Idan aka tayar da manhajar da sunan FTPD, takan haifi 'ya mai suna FTPD1, uwar ta kama gabanta, 'yar ta ci gaba da tsaron ƙofa. In ba a gaya wa mai gadi sunan 'yar ba, zai yi ta neman uwa, ya ɗauka an yi rashi, alhali kuwa lafiya lau ake. Lamba ɗaya tak da aka manta, sai ta hana mutane barci.

Tayarwar kanta tana da ladabi. Da fari a nemi manhajar ta tsaya da kanta, sai in ta ƙi a soke ta da ƙarfi. Kafin nan kuma, gwanayen aikin sukan ɗauki kwafin abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, don da zarar an kashe ta shaida ta tafi, gobe kuma ciwon ya dawo ba wanda ya san asalinsa. Sau da yawa ma laifin ba nata ba ne: ko faifan ajiya ya cika, ko wani aikin ya riƙe fayil ɗin ya ƙi saki, ko takardar shaidar sirri ta ƙare wa'adinta. Irin wannan, ko sau ɗari aka tayar, sau ɗari za a koma gidan jiya. Shi ya sa akan ƙayyade: in an tayar sau biyu ko uku a jere ba ta zauna ba, injin ya haƙura, a buga wa mutum waya.

Babban hatsarin fa yana ga fayil ɗin da faɗuwa ta riska a tsakiyar hanya. A ce na albashin mutum dubu goma ne, ya yanke a na dubu shida. Idan aikin biya ya ɗauke shi haka, mutum dubu huɗu za su wayi gari hannu rabbana. Idan kuma aka sake turo shi ba a share na farko ba, wasu na iya samun albashi sau biyu, karɓo shi kuwa sai wanda ya gwada. Ƙa'idar 1985 ta tanadi umarnin ci gaba daga inda aka tsaya, amma masu hattara ba su dogara da shi kaɗai. Sukan sauke fayil da sunan wucin gadi, ba za a sa masa sunansa na ainihi ba sai ya kammala. A layinsa na ƙarshe kuma mai aikawa yakan rubuta yawan layuka da jimlar kuɗi. Uwar kwamfuta sai ta ƙidaya da kanta. In lissafi bai zo daidai ba, ko da kwabo ɗaya ne, ba ta biyan kowa sai an sake turowa.

Sai kuma wani jiƙon, ku huta lafiya.