Lambar Sirri Ba Ta Shiga Kunne Biyu

 

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, zubin adashenmu da kuɗin rake da na mazarƙwaila suka koma cikin waya. To, ɓarawo ma can ya bi su.

Ga abin da muka tsayar a ƙungiyance. Na ɗaya, in mun je wajen mai POS, nan Gubuchi ko Makarfi, mu danna lambar sirri da hannunmu. Kada mu aiki yaro da kati da lamba a takarda. Na biyu, wanda ya kira wai daga banki yake, yana neman BVN ko lambar da ta shigo wayarmu yanzu, mu kashe kawai. Banki ba ya tambayar wannan ta waya. Na uku, akwai alat na bogi. Sai mun ga kuɗi a asusu kafin kaya su fita. Waya ta ɓace? A rufe layi da asusu a ranar.

Kuɗin nan na makarantar yaranmu ne, da jarin zawarawanmu. Allah Ya tsare mana guminmu. Amin.