Salatif Da Mazubinsa A Ƙasar Zafi Da Ƙura

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a Tofa)



Kwamitin shirye-shirye ya nemi kowane mai jawabi ya yi magana a kan abin da yake cin abinci da shi, ba abin da ya karanto daren jiya ba. To, ni sana'ata kwali ce da ƙunshe kaya, saboda haka na zaɓi in yi magana a kan salatif da irin mazubin da ya kamata a tsara masa. Na hango waɗansu 'yan ajinmu can baya sun fara murmushi, wai likitoci da lauyoyi sun gama nasu, yanzu an zo kan mai salatif. Ku yi dariyarku, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai shago da shi yake rufe katan, mai wayarin da baƙinsa yake naɗe waya, ma'aikacin asibiti da ɗan'uwansa filasta yake riƙe bandeji, mu kuwa da muna ɗalibai da shi muka riƙa haɗa littattafanmu da suka ɓaɓɓalle.

Abu na farko da nake so mu fahimta shi ne, gam ɗin da ke jikin salatif ba irin wanda kafinta yake shafa wa katako ba ne. Na kafinta yana bushewa ya sandare, shi ke nan ya gama aikinsa. Na salatif kuwa an yi shi ne don kada ya bushe har abada. Ruwa ne mai tsananin kauri, kamar daskararriyar zuma, kuma yana tafiya a hankali ko da ido bai gani ba. Wannan tafiyar ita ce amfaninsa, domin in ka danna shi a jikin kwali sai ya malala ya shige ƙananan ramukan takardar ya kama. Ita ce kuma illarsa, domin ko yana zaune a kan kanta ba ya daina tafiya, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Daɗin daɗawa, a masana'anta da ƙarfi inji yake naɗe shi a kan zoben kwalin nan na tsakiya, wato kowane naɗi da kuka gani a miƙe yake kamar tsirkiyar baka, yana neman hanyar da zai saki jiki.

Masu yin salatif sukan rubuta cewa a ajiye shi inda zafi yake wajen digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, danshin iska kuma wajen kashi 50 cikin 100, nesa da hasken rana. Malamanmu na labarin ƙasa suna zaune a nan, su faɗa mana wane wata ne ƙasar Kano take haka. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, ballantana a cikin shagon kwano mai ƙofa ɗaya. Da hunturu iska ta bushe ƙamas, ga ƙura. A watan Agusta kuwa har ashana sai ta ƙi kamawa. Kayan da aka tsara wa mazubi don sanyin wata ƙasa, shi ne ake saukewa a Legas, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin ƙarfe, ya kwana a sito a Sabon Gari ko kasuwar Singa, sa'an nan ya hau a-kori-kura zuwa Tofa ko Lambu ko Doka.

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Da bazara gam yakan yi laushi ya tsattsafo ta gefe, sai ka ɗauki naɗi ɗaya biyar su biyo shi, in ka ɓamɓare da wuƙa ka tsaga bakinsa, kuma salatif mai tsagaggen baki duk ja sai ya tsinke. Wani lokaci tsakiyar ce take zamewa ta tsiro sama kamar mazurari, ba ya ƙara shiga abin yankansa. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan gam ɗin da ya tsattsafo, gefen ya yi baƙi, kuma duk inda ƙura ta riga kwali kama gam, to, wurin ya mutu. Da damina zoben kwalin ne yake shan laima ya kumbura ya yi laushi, in rani ya zo ya motse, naɗin ya yi sako-sako a kansa. Ban ma yi zancen gara ba, wadda ba ruwanta da salatif amma katan ɗin da ke ƙasa abincinta ne.

Turawan da suka ƙago abin sun san da wannan matsala tun farko. Wani ma'aikacin kamfanin 3M a Amurka mai suna Richard Drew shi ya fito da salatif na takarda a 1925 don masu fentin mota, a 1930 kuma ya fito da mai garai-garai. A 1932 wani abokin aikinsa, John Borden, ya ƙera mariƙi mai haƙoran yanka, saboda mutane sun gaji da laluben bakin naɗi da farce. A Ingila kuwa a 1937 aka fara yin Sellotape, wanda daga sunansa muka sami kalmar salatif. Na wancan zamani da ɓargon itace ake yin fatarsa, tana shan laima, shi ya sa a cikin gwangwani mai murfi ake sayar da shi. Yau fatar yawancin salatif ɗin katan roba ce wadda ruwa ba ya shiga, sai aka yar da gwangwani aka koma leda. A ganina an yi gaggawa, aƙalla a ƙasa irin tamu, domin ko da aka sauya fatar, gam da zoben kwali suna nan da halinsu.

To, yaya mazubi nagari yake? Wanda zai tsara shi daga awo yake farawa. Ramin zoben tsakiya na babban salatif inci 3 ne, wato milimita 76, kusan ko'ina a duniya. Faɗin na katan yawanci milimita 48 ne. A ce kewayen naɗin daga gefe zuwa gefe santimita 11 ne. In ka kwantar da shida bisa juna, tsawonsu ya zama milimita 288. Ka jera irin wannan hasumiya shida, uku a tsaye biyu a kwance, ka sami guda 36 a katan mai cikin santimita 33 da 22, tsawo kuma kimanin 29. Malamin lissafi, Allah ya gafarta Malam, ka ga ba a banza ka yi ta fama da mu ba. Katan ɗin da ya fi haka girma, kayan za su yi ta karo da juna a hanya. Wanda ya gaza kuma matse su zai yi, matsi kuwa shi ke fito da gam.

Kwanciya ake so, ba tsayuwa ba. Naɗin da aka tsayar kamar taya aka ɗora masa nauyi zai lotse ya koma kamar ƙwai. Wanda aka kwantar kamar gammo, nauyin yana sauka daidai a kan zobe da gefe. Amma tunda gefen ne yake tsattsafowa, dole a raba tsakanin kowane biyu da faifan takarda mai santsi wadda gam ba ya kamawa. Masana'antu suna yanka tasu. Mai shago ba sai ya saya ba, ya je wurin masu buga sitika ya roƙi takardar bayan nan da suke zubarwa, ita ce dai. Kada a sa jarida, domin mannewa za ta yi. Bayan haka kowace hasumiya a sa ta a leda a rufe baki saboda ƙura.

Shi kansa katan akwai magana a kansa. Ƙarfinsa yana cikin ƙunƙurar takardar nan da ke tsakanin fatunsa biyu, kuma sai ramukanta suna tsaye suke ɗaukar nauyi, kamar ginshiƙai. Mafi yawan nauyin a kusurwoyi huɗu yake sauka. Saboda haka in za a jibga katan, a ɗora kusurwa a kan kusurwa. 'Yan dako sun fi son su sarƙa su kamar ginin bulo don kada su rushe, kuma suna da hujja, amma sarƙawar tana cinye babban kaso na ƙarfin katan, laimar damina ta zo ta cinye wani. A ɗaga su daga ƙasa a kan katako, a ja su daga jikin bango, kada kuma a kai su kusa da kwano. A rubuta ranar shigowa a jiki, wanda ya riga shiga shi zai riga fita, domin yawancin masu yin salatif shekara ɗaya zuwa biyu suke lamunce masa, kuma a sanyin da na ambata ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake baje shi a bakin shago. Za ka ga an zura naɗi goma a igiya an rataye a rana, a bakin titi, don mai wucewa ya gani. A rataye ɗaya ya zama talla mana, sauran a mayar ciki. Kakanninmu fatake ba su yi wa goro haka ba. Sun san goro ba ya son iska da zafi, sai suka yi masa huhu, ganye a ciki, ɗauri a waje, suna kwancewa a hanya suna tsince wanda ya lalace, har ya iso Kano daga Gwanja da ransa. Ilmin ƙunshe kaya ba baƙonmu ba ne, sakaci ne ya shigo.

Wani zai ce to, in salatif na 'yan nairori ya lalace, sai me? Bari in kawo misali daga gona, tunda kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, kuma ga kasuwar Dawanau a maƙwabtanmu. Kun san buhun nan mai hawa uku na ajiye wake, wanda ake kira PICS. Masanin ƙwari Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka da abokan aikinsa suka faro binciken a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro ya shiga yin sa. Leda biyu ce mai kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowane a ɗaure bakinsa daban. Ba magani a ciki. Ƙwarin ne suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, su kasa ci, su mutu. Sirrin duka shi ne kada iska ta shiga. In ledar ta sami ɗan huji, abin da ake koya wa manomi shi ne ya liƙe da salatif. To, in salatif ɗin da ya sayo irin na igiyar bakin titi ne, zai kama a ranar, bayan mako kaɗan bakinsa ya ɗaga a cikin ɗaki ba wanda ya gani. Iska ta shiga, ƙwari su farfaɗo, ranar da aka kwance buhu a tarar da gari. Manomin ba zai zargi salatif ba, buhun zai zarga, baɗi ya koma zuba wa wake guba. Mun kuwa san inda wannan hanya ta kai mu, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma wanda ba a kai Turai ba tukunyarmu ya shiga.

Na lantarki ma haka. Baƙin salatif ɗin da ya sha rana yakan yi yauƙi, ka naɗa shi a mahaɗar waya ya riƙa warwarewa da kansa a cikin silin. 'Yan'uwanmu masu wayarin da ke nan sun fi ni sanin ƙarshen waya biyu tsirara a kusa da busasshen katako. Masu kemis kuma su duba inda suke ajiye filasta, domin wadda gefenta ya kwashi ƙura ba abin da za a kai kusa da miki ba ne.

Shugaban taro, ina da roƙo ɗaya ga ƙungiya da malaman fasaha. A ba ɗalibai aikin ƙera akwatin salatif na mai shago. Katako ko tsohon gwangwanin madara mai murfi ya isa. A kafa guntun bututun roba a tsakiyar gindinsa, wanda kaurinsa ya ɗan gaza milimita 76, yadda naɗi zai zura ba tare da matsi ba, a yanka faya-fayen takardar sitika, a shafa wa bayansa farin fenti don ya rage ɗaukar zafi. Sa'an nan a gwada. A sayi naɗi tara daga katan ɗaya a farkon Maris, uku a rataye a baranda, uku a aljihun tebur, uku a cikin akwatin. Ƙarshen kowane wata a yanko taki ɗaya daga kowanne, a liƙa rabinsa a jikin kwali iri ɗaya, a rataya wa ɗaya rabin dutsen awo, a duba agogo a rubuta mintocin da ya yi kafin ya saki. A ci gaba har ƙarshen Fabrairu, yadda bazara da damina da hunturu duk za su ratsa ta kansu. Salatif ɗin da bututun da fentin ni zan kawo. Littafin da ɗaliban suka cika kuwa, a karanta mana shi a taron da zai biyo baya.