Tsohon Bidiyo da Talbijin na Dijital



A gidaje da dama na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akwai tsohon bidiyo mai kaset, wanda iyayenmu suka riƙa naɗar tafsiri da hawan Sallah da shi daga CTV, wato ARTV ta yau. A shekarar 1443 Hijira, wato watan Nuwamba na 2021 a lissafin Bature, aka ƙaddamar da talbijin na dijital a Kano. To, wannan na'ura ba ta kama tashoshin dijital da kanta. Tilas a sa dikoda a tsakani, a jona wayoyi uku: rawaya ta hoto, fara da ja na murya. Tashar da dikoda take kai ita kaɗai za ta shiga kaset. Yaro ya canja tasha, shi ke nan, an yi asara.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset ɗin da ke jibge a akwatuna. Kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera bidiyo tun 2016, ga zafi da raɓar damina suna cin zaren. Mai kwamfuta a cikinku ya kwafe na gidansu a hutun nan.